Hoton Baba Japheth da Jarida a Juye

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Zariya mai suna Abdulrahim. A Samaru yake zaune, yana aiki a wani ofishi mai kula da ilimin manya, abin da iyayenmu suka fi sani da yaƙi da jahilci. A shekarar 2004 yana da shekara talatin da ɗaya. Digirinsa sabo ne, babur ɗinsa sabo ne, kuma yana da yaƙinin cewa duk ofishin babu mai kaifin tunaninsa. Wataƙila ma gaskiyarsa ce.

Wata biyu kafin takwas ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, sai umarni ya zo daga sama: a fito da fasta, wato takarda mai hoto da ake mannawa a bango, da za ta wayar wa jama'a kai, manya su shiga ajin koyon karatu.

Fastocin baya duk iri ɗaya ne. Littafi a buɗe, fitila a gefe. Abdulrahim ya faɗa a wurin taro cewa shekara goma ana manna fitila a bango, babu wanda ya taɓa tsayawa ya kalla. Ya ce mutum ba ya tsayawa sai ga abin da ya ba shi dariya. Abin da ake bukata shi ne hoton dattijo mai kamala, da tabarau, yana riƙe da jarida a juye.

Aka yi dariya a ɗakin taron. Shugaban ofis ya ce ya je ya nemo dattijon.

Bai sha wahalar nema ba, domin tun yana magana ya san wa yake nufi.

A Chikaji akwai wani mai gyaran keken ɗinki da ake kira Baba Japheth. Shekararsa sittin da uku. Ya yi aikin injuna a masana'anta kafin a rufe ta, sannan ya buɗe ɗan shago. Mutum ne da idan ka juya keke sau biyu a gabansa, da kunne zai gaya maka inda ciwon yake.

Shekara talatin shi ke gyara keken Hajiya Barakatu, mahaifiyar Abdulrahim. Da wannan keken ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da shi yaran suka yi makaranta.

Baba Japheth bai iya karatu ba, kuma mutane kaɗan ne suka sani. A cocinsu kusan kowa na karatu. Shi ma yakan buɗe littafin waƙoƙi ya riƙe, ya rera daga ka. Idan lokacin juya shafi ya yi, matarsa Elizabeth takan ɗan taɓa gwiwar hannunsa. Haka suka yi shekara talatin da biyar. Ta rasu a 2002. Tun daga nan yake satar kallon hannun na kusa da shi.

Elizabeth ce ta taɓa gaya wa Barakatu, hira irin ta aminai. Abdulrahim kuma a ɗakin mahaifiyarsa ya ji.

Ranar wata Asabar da safe ya je shagon tare da wani mai hoto, Felix. Bayan gaisuwa ya ce wa tsohon gwamnati na neman fuskar dattijo mai mutunci da za a kira mutane zuwa karatu da ita. Bai yi ƙarya ba. Ya dai faɗi rabi ya riƙe rabi.

Baba Japheth ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana kallonsa.

"Duk malaman da ke Samaru, ɗan Barakatu, ni ka gani?"

"Kai na gani, Baba."

Tsohon ya ce su jira. Ya rufe shago, ya tafi gida, ya dawo cikin kwat ɗinsa ta coci, takalmi ya sha goga. Abdulrahim ya riga ya ninke jaridar a shafin da babu hoto, sai babban kanun labari. Da hannunsa ya sa masa ita a hannu, kai ƙasa. Ya ce kada ya kalli takardar, ya kalli kyamara.

Felix ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya dubi Abdulrahim. Abdulrahim ya gyaɗa masa kai. Aka ɗauka.

Hoton ya yi kyau. Wannan ne abin takaicin. Tsohon ya fito kamar shugaban makaranta mai ritaya, murmushinsa na mutumin da aka karrama. Aka buga kwafi ɗari biyar a Sabon Gari, da manyan baƙaƙe a ƙasa:

KADA KA TSUFA A HAKA. SHIGA AJIN YAƘI DA JAHILCI YAU.

Aka manna a Kwangila, da kasuwar Samaru, da tashoshin mota, da bangon makarantu, har Bomo. Mutane suka tsaya, kamar yadda Abdulrahim ya ce. Ɗaliban jami'a suka yi ta nuna wa juna. Daga sama aka aiko masa da takardar yabo.

Abu ɗaya ne babu wanda ya lura da shi a ofishin. Masu karatu ne kaɗai suka san abin da fastar ke cewa. Waɗanda aka yi ta dominsu kuwa, wani dattijo kawai suka gani cikin kwat.

Abdulrahim bai taɓa tunanin tsohon zai so kwafi ba. Ashe tun ranar farko Baba Japheth ya ɓare guda daga bango tun sitacin da aka manna ta da shi bai bushe ba. Ya kai wa kafinta ya yi mata katako da gilashi. Ya rataye ta a shago, daidai saman teburin aikinsa.

Teloli suka riƙa zuwa da kekunansu, su zauna a benci, su ɗaga kai su karanta, su sunkuyar. Shi kuma ya nuna musu da sukudireba, ya ce ɗan wata ƙawar marigayiya ne ya sa shi a takardar gwamnati. Babu wanda ya ce uffan. Ba mugunta ba ce. A wurinmu ba a gaya wa dattijo irin wannan a fuska, kowa yana jiran wani ya fara.

Sai wani abu ya faru da ba ya cikin tsarin kowa.

A wata firamare a Palladan akwai ajin manya da wata Malama Clara ke koyarwa, Litinin da Laraba da Juma'a bayan la'asar. Mata goma sha ɗaya take da su, babu namiji ko ɗaya. Mako guda bayan fitar fastar, Baba Japheth ya shigo, bayansa maza shida daga layinsu: kafintoci biyu, mai walda, mai faci, da wasu tsofaffin abokan aikinsa biyu na masana'anta.

Ya tsaya a gaban allo ya ce sunansa Japheth, bai iya karatu ba, bai taɓa iyawa ba. Ya ce ba zai yiwu fuskarsa tana bango tana kiran mutane makaranta, shi yana zaune a shago ba. Wannan ne karo na farko da ya faɗi maganar da bakinsa a gaban mutane.

A sauran azuzuwan yankin, maza ba su ƙaru ba. Wasu ma da 'ya'yansu suka karanta musu fastar sun ce ba za su je inda ake yi da tsofaffi ba. Amma a rahotonsa Abdulrahim ya rubuta cewa fastar ta jawo maza bakwai a aji ɗaya.

Da ya je duba ajin a watan Oktoba, daga taga ya hango tsohon a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya riƙe fensir kamar yadda yake riƙe allurar keke. Abdulrahim bai shiga ba. Malama Clara ce ta fito ta same shi.

Ya tambaye ta rajista, ta ba shi. Ya tambayi alli da littattafai, ta ce sun isa. Sai ya yi kamar abin ya faɗo masa ne kawai, ya tambaya wata nawa mutum ke yi kafin ya iya karanta jimla.

"Kamar jimla mai kalma nawa, ranka ya daɗe?" in ji ta. "Biyar?"

Ya mayar da idonsa kan rajistar. Ta ci gaba:

"Wata huɗu, idan mutum na da naci. Shi yana da naci. Har gida yake tafiya da allo."

Ta karɓi rajistarta ta koma ciki.

Daga ranar Abdulrahim ya fara lissafin makonni. Aikinsa shi ne ya so mutumin nan ya iya karatu. Sai ga shi duk Litinin yana fatan a yi ruwa, ko malama ta yi mura. Ya san abin da yake fata, kuma ya san sunan mai irin wannan fatan.

Ya gwada dabara. Ya kai wa tsohon babbar kalanda mai hoton dawaki, ya ce ta fi dacewa da wurin. Baba Japheth ya yi godiya, ya rataye ta a wani bangon. Ya koma ya ce gilashin ya yi ƙura, a ba shi ya kai a canza katako. Tsohon ya ce katakon lafiyarsa ƙalau, kuma da Elizabeth na da rai ita ma ba za ta bari a fita da shi ba.

Bayan wannan sai ya daina bi ta Chikaji. Idan aiki ya kai shi Sabon Gari, yakan zagaya ta wata hanya. Amma babu hanyar da babu fastar. Duk inda ya tsaya da babur, tsohon na kallonsa daga bango yana murmushi.

A ƙarshen Disamba keken Hajiya Barakatu ya fara tsinka zare. Ta ce ya biya ya kira Baba Japheth. Washegari ya zo mata da wani mai gyara daga kasuwar Samaru. Ta gaisa da mutumin, ta ba shi ruwa, ta ce keken ya warke, ya yi haƙuri da wahalar da aka ba shi.

Da ya fita, ta ja zane ta rufe keken. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai. Tun watan Satumba na ga fastar nan a bakin kasuwa. Bokona kaɗan ne, amma ya kai wannan."

Ya fara bayani a kan umarnin ofis da wayar da kan jama'a. Ta bar shi ya gama.

"Maganar da matarsa ta ba ni amana, a ɗakin nan ka ji ta. Ka ɗauka ka manna a Kwangila. Wata huɗu ina jira ka zo da bakinka."

Ta ce keken zai zauna a rufe har sai hannun da ya saba gyara shi ya zo, kuma shi zai je ya kira shi. Akwai ɗinkin biki uku a ɗakin, ta mayar wa masu su.

Ya ƙara mako biyu yana ɗagawa. Kullum ya shigo gaishe ta, keken na nan a rufe.

Ranar wata Talata da hantsi, a watan Janairu, ya ajiye babur a bakin shagon. Ya shirya maganarsa tun daga Samaru. Da ya shiga ya ɗaga kai, duk ta zube.

Fastar na nan a wurinta, cikin gilashinta. Amma an juya ta. Kan Baba Japheth na ƙasa, manyan baƙaƙen na sama a kife, jaridar da ke hannunsa kuma ta miƙe daidai.

Tsohon na kan wani keke yana ɗaure ƙusa. Bai ɗago ba.

"Ɗan Barakatu. Ka ɓata. Zauna."

Ya zauna a benci.

"Kana kallon hotona? Na gama da rubutun ƙasa. Yanzu jaridar nake karantawa. Ashe maganar taki ce."

Ya ajiye sukudireba, ya miƙe, ya sauko da katakon, ya juya shi daidai, ya ɗora a kan tebur. Ya sa yatsa mai baƙin mai a ƙarƙashin baƙin farko. Ya karanta a hankali, gaɓa gaɓa, bai tsallake komai ba, bai yi kuskure ba. Kada ka tsufa a haka. Ya ɗauki kusan minti guda. Abdulrahim ya taɓa zama jarrabawa ta awa uku da ba ta kai wannan minti tsawo ba.

Ya sauko daga benci ya durƙusa. Ya ce shi ya juya jaridar, da gangan, ba kuskuren mai hoto ba ne.

Baba Japheth ya ce ya sani. Tun mako na uku a aji, da aka koya musu baƙaƙen farko, ya dawo shago ya ga na jaridar a tsaye a kan kawunansu, na ƙasa kuma a kan ƙafafunsu. Mai gyaran inji ne, ya san abu idan an ɗaura shi baibai. Kuma ya tuna hannun da ya sa masa ita.

"Tun Oktoba ke nan, Baba. Me ya sa ba ka sa an karanta maka ba?"

"Shekara sittin ana karanta mini. Na ce wannan dai, tunda a kaina aka rubuta, ni zan karanta."

Ya ce ya gama haɗa kalmomin mako biyu kafin Kirsimeti, shi kaɗai a shago. Ranar bai ƙara taɓa aiki ba. Abin da ya fi tsaya masa ba rubutun ba ne. Ya zauna ne yana tuna fuskokin da suka zauna a bencin nan yana nuna musu hoton da sukudireba. Ya tuna kuma ranar Lahadin da ya gaya wa dattawan coci su je Kwangila su gan shi.

"Har kwat na sa maka," in ji shi.

Abdulrahim ya roƙe shi ya yafe masa.

"Na yafe tun kafin Kirsimeti. Ba don kai ba, don in iya shiga coci da zuciya ɗaya. Tashi, kana tare mini haske."

Da ya koma benci, tsohon ya tambaye shi guda nawa aka buga. Ya ce ɗari biyar.

"To, yafiya ta shiga tsakanina da kai. Amma bango bai san an yafe ba. Akwai tsofaffi a garin nan da 'ya'yansu suka karanta musu, suka ce ba za su je ba. Biyu a layin nan suke. Hannun da ya manna shi zai cire. Ba masinjan ofis ba."

Abdulrahim ya miƙa hannu zai ɗauki ta kan tebur. Tsohon ya dafe ta.

"Wannan tawa ce. Ita ce littafina na farko."

Da yamma Baba Japheth ya je Samaru ya gyara keken Hajiya Barakatu. Ƙoshiyar zare ce ta goce. Minti goma ya yi. Suka yi hirar Elizabeth, babu wanda ya ambaci hoto.

Abdulrahim ya koma ofis ya rubuta takarda cewa a janye fastar, ya faɗi dalili, ya gyara rahoton da ya yi a kan maza bakwai. Shugabansa bai ji daɗi ba, tunda shi ma ya sha yabo a kanta. Ƙarin girman da ake maganar ba shi a shekarar, wani aka ba.

Duk Asabar ya riƙa fita da bokitin ruwa da guntun ƙarfe a bayan babur. Sitaci idan ya sha rana wata huɗu ba ya sakin bango da sauƙi. Sai ya jiƙa, ya jira, ya kankare. 'Yan acaɓa na tambayarsa ko gwamnati ce ta canza. Wasu ɗalibai da suka san shi suka tsaya suna kallo. Bai yi wa kowa bayani ba. Abin da ya fi masa wuya shi ne, kafin ya kai ga rubutun, sai ya fara kankare fuskar.

A watan Afrilu ya gama, a ganinsa. Ya bi Samaru da Palladan da Chikaji da Bomo sau biyu, bai ga ko ɗaya ba.

Mako guda bayan haka Malama Clara ta zo ofis kawo rajista. Ta ce maza goma sha biyar gare ta yanzu, duk Baba Japheth ne ya bi su shago shago. Sannan ta ajiye wata takarda a kan teburinsa, ninki huɗu, an yago ta daga littafin rubutu. Ta ce ta ba su aiki kowa ya rubuta wasiƙarsa ta farko ga wanda ya ga dama. Yawancinsu 'ya'yansu suka rubuta wa.

Ya buɗe. Fensir ne, an danna shi har ya kusa huda takardar. Layukan sun ɗan gangara.

"Abdulrahim. Saura ɗaya a tashar Samaru, bayan rumfar mai shayi. Ka gaida Hajiya. Ni ne Japheth."

Ya je a ranar. Tana nan, rabi a ɓoye bayan buhun gawayi. Ya ari ruwa wurin mai shayin.

Baba Japheth ya rasu bayan shekara shida. Waɗanda suka san shi sun ce a ƙarshe shi yake juya shafinsa da kansa a coci. Abdulrahim ya yi furfura yanzu. Takardar yabon da aka aiko masa bai san inda take ba. Wasiƙar fensir ɗin tana cikin aljihun teburinsa, kuma ya ce har yau bai iya karanta ta da sauri ba.

Darasi: Ba a kiran mutum zuwa ilimi ta hanyar tozarta shi. Wanda bai iya karatu ba, ba hankali ya rasa ba, dama ya rasa, kuma abin da ka rubuta a kansa yau yana iya karantawa gobe. Idan ka ci amanar wanda ya yarda da kai, kada ka jira ya gano da kansa, ka je da bakinka, sannan ka gyara ɓarnar da hannunka. Ku tura wannan ga 'yan uwa da abokai. Idan kuma akwai dattijo a gidanku da ba zai iya karanta shi ba, ku zauna ku karanta masa, sannan ku tambaye shi cikin ladabi ko yana son ya koya.